Bakan da Bai Karye Ba

An ce can a zamanin da, an yi wani sarki a wani gari mai ganuwa, wanda Allah ya ba shi ƙarfi da kwarjini, ya kuma jarrabe shi da abu guda, wato ba ya jure kunya. Yunwa yana iya daure mata, ciwo yana iya cije shi, amma a ce baƙo ya yi masa murmushin raini a cikin gidansa, gara masa a sare shi. Ba azzalumi ba ne irin wanda aka saba ji. Yana ciyar da mabukata, yana gai da tsofaffi, ba a taɓa jin ya ƙwace gonar kowa ba. Ni abin da ke ƙona mini rai a labarin nan ke nan, domin da mugu ne, da sai mu tsine masa mu huta.

Garin nan da 'yan baka yake tinƙaho. A bayan fada akwai taskar makamai, wani dogon soro mai zurfi, wanda aka damƙa amanarsa ga Sarkin Baka, wani mutum mai suna Arzika, da ya gaji aikin daga ubansa. Al'adarsu tun kaka da kakanni ita ce kowace Alhamis da hantsi a fito da kome fili. A duba garkuwoyi ko ɓera ya taɓa, a goge sulke da yashi, a miƙar da kibau, a shafe fatu da man kaɗe. Amma duk wannan share fage ne. Babban aikin shi ne jan baka.

Ga dalili. Ƙwaro yakan shiga itacen baka ya cinye cikinsa, ya bar bayan sumul kamar ba abin da ya faru. Tsirkiya kuma, igiyar fatar nan da ake ja, danshin damina yakan ruɓar da ita ba tare da ta sauya kama ba. Ido ba ya gane wannan, ko na waye. Sai dai mutum ya dafe ƙafa, ya ja har kunne, tamkar abokin gaba na tsaye a gabansa. Bakan da ya riƙe, a mai da shi taska. Wanda ya karye, a jefa shi gefe, a kai wa matan fada su hura wuta, a sassaƙo wani. Ba wanda ke jin zafin abin. Har tsiya sukan yi wa wanda baka ya karye a hannunsa, su ce tuwon matarsa ne ya yi masa yawa.

Ana nan ana nan, sai wani sarki maƙwabci, wanda tsakaninsu ba zumunci ba gaba, ya aiko da manzo. Sarki ya so ya nuna masa abin da zai koma gida ya ba da labari, sai ya ja shi zuwa taska. Aka kuwa yi rashin sa'a ranar Alhamis ce, bayan wata damina mai yawan ruwa. Suna shiga filin, baka ya karye a hannun wani, ƙaras. Kafin a shimfiɗa musu wurin zama, wani ya bi shi. Arzika bai ga abin damuwa ba, ya ce a jefa gefe a miƙo wani. Manzon dai ya kai hannun riga bakinsa ya yi ɗan tari. Wa ya sani, ƙila ma tarin gaskiya ne, amma sarki dariya ya ji.

Da manzo ya tafi, fadawa suka samu abin yi. Wannan ya ce Arzika ya tsiraita gari a gaban baƙo. Wancan ya ce ai dama can ɓarna ce, a ɗauki makami lafiyayye a yi ta ja har ya karye, ina hankali a nan? Mutanen da ko guga ba su taɓa ja ba! Sarki ya sa aka kira Arzika. Ya zo ya durƙusa, ya yi bayani gwargwadon iyawarsa. Ya ce ba su ne ke karya bakunan ba, a karye suke tun a taska, su dai asirinsu suke tonawa. Ya ce gara su karye a fili, inda ake miƙo wani, da su karye inda ba a miƙowa. Sarki bai ji ko ɗaya ba, kunnensa na wajen tarin nan. Ya sa aka tuɓe wa Arzika riga, aka yi masa bulala a ƙofar fada, a gaban mutanensa da iyalinsa. Sannan ya sa aka yi shela cewa daga ranar, duk wanda makamin sarki ya karye a hannunsa, shi ya karya shi, kuma bulala ce hakkinsa, kowane ne shi.

Kada ku zaci an daina duban Alhamis. Ina! Ai sai ma abin ya ƙara armashi. A fito da bakuna a jera, a shafe su da mai har su riƙa ɗaukar ido. Jan kuwa ana yi, amma irin jan da uwa ke yi wa hannun jariri: a ɗan taɓa tsirkiya, ta ɗan motsa, a ce madalla, a mayar. Da azahar Arzika ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce kome lafiya lau. Da fari yana faɗa yana jin ɗacin maganar. Da tafiya ta yi tafiya, ɗacin ya wuce, bakin ya saba. Shekaru suka shuɗe ba a jefa ko guntun itace gefe ba, har sarki ya ba shi riga da rawani, yana faɗa wa baƙi cewa tun da ya kafa doka baka bai sake karyewa a garinsa ba. Abin takaici, gaskiya yake faɗa.

Sai ga shi wata shekara, bayan girbi, maƙwabcin nan ya taso da yaƙi. Sarki ya ɗora babban ɗansa, Ciroma Zailani, a kan runduna, ya ce su tare su a mashigin kogi kafin su ƙetaro. Aka buɗe taska, Arzika ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa wa kowa nasa, ana ɗebo na kusa da ƙofa don sauri. Cikin masu karɓa har da ɗansa na cikinsa, Nomau, magidanci mai 'ya'ya. Da aka zo kansa, uban ya ɗan dakata, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya zaɓo wanda ya fi sheƙi ya ba shi. Da me zai zaɓa in ba da ido ba? Dogarai na tsaye a kansa, dokar kuma tana nan.

Waɗanda suka tsira sun ce wuri mai kyau suka samu. Suna kan tudu, abokan gaba na cikin ruwa har ƙugu, duk kibiyar da ta tashi da sai ta samu mutum. Ciroma ya ba da umarni, aka ja gaba ɗaya. Abin da aka ji kamar shanu sun faɗa busasshen kara. Wasu itacen ne ya rabe, wasu tsirkiya ce ta tsinke ta tsaga musu fuska, kibau kaɗan ne suka kai ruwa. Mutane suka tsaya riƙe da guntaye suna duban juna, su kuwa waɗancan suka hauro. Ciroma bai gudu ba, nan ya kwanta. Nomau ma nan ya kwanta, da wasu da dama waɗanda ba a riƙe sunayensu ba. Abokan gaba suka kwashe ƙauyukan bakin kogi da shanunsu suka koma, garin ya tsira da ganuwarsa da matansa masu takaba.

Sarki ya sa aka kama Arzika aka sa shi a mari, ya rantse sai an sare kansa. Amma ba ya son a ce baƙin ciki ne ya yanke hukuncin, so yake a ce shari'a ce. Alƙalin gari da ya ji abin da ake nema da shi, sai ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Don haka aka aika wa Malam Mijinyawa, wanda ya yi alƙalanci zamanin mahaifin sarki, shi ne kuma ya koya wa sarkin karatu yana ƙarami, yanzu ya tsufa ya koma gonarsa a bayan gari. Aka ce masa ya zo ya tabbatar da hukunci kafin la'asar, domin hauni, mai sare kai, ya riga ya wasa takobinsa.

Malam ya iso a kan jakinsa, ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyya. Ya daɗe yana addu'a ga Ciroma da sauran mamata, har ya ambaci Nomau da sunansa, abin da ya sa fadawa suka saci kallon juna. Sannan ya ce shi bai san baka ba, ko tsuntsu bai taɓa harbi ba, saboda haka a yi haƙuri da shi ya yi tambayoyin jahilai kafin ya ce wani abu. Sarki ya ce ya tambaya.

Ya ce, "Ya sarki, zamanin mahaifinka, in na bi ta bayan fada ranar Alhamis, nakan ga tarin karyayyun bakuna. Ina ake zuba na zamaninka?"

Sarki ya ce babu su. Tun da ya kafa doka ko ɗaya bai karye ba.

"Ikon Allah. To ƙwaro ne ya ji shelarka ya yi ƙaura, ko damina ce ta daina sauka a kan taskarka?"

Sarki ya haɗe rai, ya ce bai kira shi don wasa ba, gawar ɗansa ko sanyi ba ta yi ba.

Malam ya ce, "Ba wasa nake ba, ya sarki, cigiya nake yi. Itace yana tsufa, fata tana ruɓewa, a garinka da garin kowa. Bakunan da ya kamata su karye a shekarun nan, dole sun karye a wani wuri. A ina ne?"

 Sarki ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "A mashigi."

"To ashe ba hana su karyewa ka yi ba. Wurin karyewar ka sauya musu."

 Sarki ya fusata, ya ce ai Arzika na da baki. Kowace Alhamis yana zuwa ya durƙusa nan ya ce lafiya lau. Da sau ɗaya ya buɗe bakinsa ya faɗi gaskiya, da yanzu Zailani na zaune a gefensa. Malam ya ce haka ne, kuma shi bai zo wanke Arzika ba. Mutumin da aka ba amanar rayuka ya zaɓi fatar bayansa, wannan laifi ne babba, zai kuwa amsa shi a gaban Ubangijinsa. Amma alƙali ba ya zubar da jini a kan ji, sai ya gani. Ya roƙi a ɗauko baka ɗaya daga waɗanda suka rage a taska, sarki ya sa wani ya ja shi har kunne a gaban jama'a, a tabbatar ko da gaske ruɓaɓɓu ne, ko kuwa 'yan baka ne suka firgita suka ɗora wa makami.

Aka ɗauko, yana sheƙi gwanin sha'awa. Sarki ya ce wani ya ja. Kai, zo ka ga abin kunya! Wannan ya ce kafaɗarsa na ciwo tun jiya, wancan ya tuna yana da alwalar da zai sabunta. Sarkin dogarai, ƙaton da ke raba faɗan mahauta da hannu ɗaya, ya karɓa don dole, ya ɗan taɓa tsirkiyar, ya ce lafiya lau yake. Sarki ya daka masa tsawa, ya ce har kunne aka ce. Ƙaton ya ƙara kaɗan, gumi na tsiyayo masa, ya tsaya nan. Umarnin sarki ne a gabansa, dokar sarki ce a bayansa, ya rasa wacce zai bi.

Sarki ya sauko daga karaga, ya fizge bakan, ya dafe ƙafa yadda aka koya masa yana saurayi, ya ja da dukkan baƙin cikin da ke cikinsa. Bai kai kunne ba. Itacen ya rabe biyu, tsirkiya ta zane shi a wuyan hannu, wani farin gari ya zubo daga cikin itacen ya ɓata masa gaban riga. Ya tsaya a tsakiyar fadarsa riƙe da guntaye biyu.

Malam Mijinyawa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya sarki, shelar da aka yi cewa ta yi kowane ne shi. An janye ta ne, ko tana nan?"

 Sarkin dogarai, da bulala ke rataye a kafaɗarsa, ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sarki ya ce, "Malam, ai ba ni na karya shi ba. A karye yake tun kafin in taɓa shi."

"Abin da Arzika ya faɗa maka ke nan, ya sarki, a nan wurin, yana durƙushe."

Sarki bai koma kan karaga ba. Nan ƙasa ya zauna, ya ce a kawo mutumin. Aka shigo da Arzika yana jan mari, ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai roƙi kome ba, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Sarki ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko ya san bakunan sun lalace sa'ad da yake raba su.

Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Na tsare kaina daga sani. Da na sani, da ban ba ɗana ba."

Sarki ya ce a kwance shi, a gaya wa hauni ya mai da takobinsa kube, a kuma yi shela dokar nan ta mutu. Fadawa suka fara shirin kirari, amma Arzika bai yi godiya ba. Ya roƙi sarki, in akwai sauran alfarma tsakaninsu, a bar hauni ya gama aikinsa. Ya ce ba shi da ƙafar komawa gidan da matar ɗansa ke takaba, jikokinsa na tambayarsa wane baka ya ba babansu. Sarki ya juya ya dubi Malam, kamar yadda yakan dube shi yana ƙarami in karatu ya kakare masa. Malam ya ce takobi sauƙi ne, kuma a cikinsu biyun ba wanda ya cancanci sauƙi. Akwai aikin da aka bari shekara da shekaru. Ko da yake ranar ba Alhamis ba ce, a fito da duk abin da ya rage a taska, Arzika ya ja, sarki ya zauna ya gani.

Haka kuwa aka yi. Aka jera bakuna a fili, sarki ya zauna a kan tsurar ƙasa ba shimfiɗa. Arzika ya ɗauki na farko, ya ja, ya karye. Ya jefa gefe, ya ɗauki wani, ya karye. Haka ya yi ta yi, tsirkiya na zane shi, tafin hannunsa ya fashe, bai ko tsaya gogewa ba. Ƙarar ta riƙa tsallake katanga tana shiga gidajen da ke bayan fada, matan da ke takaba suka gane ko mene ne, kuka ya tashi daga wannan gida zuwa wancan. Duk karyewa ɗaya sai sarki ya runtse ido, domin ya san haka wani ya ji a hannunsa kafin mashi ya isko shi. Kowa ya zaci wannan shi ne iyakar azabar. Wallahi da nan ta tsaya, da da sauƙi.

Da rana ta karkata aka kai ga na can ƙurya, waɗanda ke rataye a sama inda danshi ba ya isa, sun yi ƙura, ba su da wani sheƙi, don masu shafa mai ba su cika wahalar da kansu zuwa can ba. Arzika ya ɗauki ɗaya, ya dafe ƙafa, ya ja. Ya kai kunne, bai karye ba. Ya saki, ya sake ja da ƙarfin tsiya kamar mai son ya karya shi da gangan, bakan ya lanƙwasa ya dawo lafiya ƙalau. Ya ajiye shi, ya ɗauki na kusa da shi, shi ma ya riƙe. Na bayansa ma haka. Aka yi ta ajiyewa a ɗaya gefen har suka yi tari. Ba a ƙirga su ba, amma duk wanda ya je mashigi ya dube su ya san da sun isa sahun gaba, kuma sahun gaba kaɗai da ya ishi mutanen da ke cikin ruwa har ƙugu.

Duk karyewar da aka yi ta yi tun azahar, Arzika bai zubar da hawaye ba. A nan ne ya kasa daurewa. Ya zauna, ya ɗora bakan nan na farko da ya riƙe a kan cinyarsa, yana shafa shi da hannu mai jini.

Ya ce, "Ashe yana nan. Yana nan a bayana ranar da na miƙa masa wancan."

Ya kifa kai a kan bakan ya fashe da kuka, irin kukan tsoho da ba shi da daɗin ji. Sarki ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, ya rasa da wane bakin. Shi ma nasa ɗan bai mutu don garin ya rasa makami ba, makamin na rataye a bayan gidansa duk tsawon lokacin. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, aka ga kafaɗunsa na girgiza.

Malam Mijinyawa ya miƙe a hankali, ya nemi a kawo masa jakinsa. Sarki ya taso ya bi shi har bakin filin, ƙafa ba takalmi, ya riƙe masa linzami, ya tambaye shi abin da zai yi ya gyara. Malam ya ce bakuna dai a sassaƙo wasu, tsirkiya a murɗa sababbi, kuma duk wanda ya zo masa da labarin ɓarna ya zaunar da shi ya ba shi ruwa.

Sarki ya ce, "Sauran fa, Malam?"

Ya ce, "Sauran ban san maganinsa ba, ya sarki."

Ya hau ya tafi, ya bar su su biyu a filin, mai sarauta da mai taska, ɗaya tsaye ɗaya zaune, ba mai iya duban ɗan'uwansa. Arzika ya tsira da kansa, amma ba wanda ya yi masa barka, shi ma bai nema ba. Masu ba da labarin nan suka ce ba a ranar yanke hukunci ake gane adalcin sarki ba, a ranar da aka kawo masa labarin da ba ya so ake gane shi.